Littafin da duniya ta yaba, dariyar da ta tsaya mini a wuya

Littafin Oyinkan Braithwaite mai suna My Sister, the Serial Killer, wato ƴar'uwata mai kashe mutane ɗaya bayan ɗaya, ya fito a ƙarshen 2018, kuma kafin shekara ta zagayo ya gama duniyar masu karatu. A 2019 ya shiga jerin littattafai 6 na ƙarshe a gasar marubuta mata ta Ingila, ya shiga jerin 13 na gasar Booker, jaridar Los Angeles Times kuma ta ba shi kyautarta ta littattafan laifi da bincike. A 2020 masu harkar littattafai na Ingila suka ƙara masa wata. Duk inda ka ji zancensa kalma biyu ake maimaitawa: ban dariya da ban tsoro.

Nan Maraɗi littafi irin wannan ba ya isowa da wuri. Sai wani ya je Kano ko Yamai ya riƙo kwafi ɗaya, na Ingilishi ko fassarar Faransanci, ya yi ta yawo hannu zuwa hannu har bangonsa ya naɗe. Kafin layi ya zo kanka ka riga ka sha labarinsa, ka ga hoton bangon a waya: mace da ɗaurin kallabi da baƙin tabarau, a cikin gilashin tabarau ɗin ga inuwar wuƙa. Ina cikin waɗanda suka jira shi da ɗoki, suka karanta, suka rufe ransu bai yi fari ba. Ba don rubutun ba shi da kyau ba. Matar nan ta iya jimla, gajeriya mai kaifi, babu kame-kame. Abin da nake son warwarewa shi ne yadda za a rubuta littafi da gwaninta, duniya ta yaba, amma mai karatu a garin nan ya tashi yana jin an tauye masa mudu.

Wanda bai karanta ba ya yi haƙuri, dole in faɗi labarin har ƙarshensa. Korede ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a Legas, ita ce babba a ɗakinsu, mai tsabta har ta wuce misali. Ƙanwarta Ayoola kyakkyawa ce irin wadda maza ke rasa kansu in sun gan ta, tana tsara tufafi tana tallata su a Instagram. Littafin ya buɗe da Ayoola ta kira yayarta a waya: ta daɓa wa saurayinta Femi wuƙa, ya mutu. Shi ne na uku. Korede ta ɗauko safar hannu da sinadarin wanki ta tafi, ta goge banɗakin tas, suka naɗe gawar a zanin gado, suka sauko da ita daga bene, suka sa a but ɗin mota, suka jefa ta a ruwa daga gadar Third Mainland. Daga nan sai Tade, likitan da Korede ta daɗe tana so a ɓoye, ya ɗora ido a kan Ayoola. Korede ta gargaɗe shi, bai yarda ba. Ranar da Ayoola ta zaro masa wuƙa suka yi kokawa, ita ce ta ji rauni. Korede ta tsaya gaban hukuma ta goyi bayan ƙaryar ƙanwarta, rayuwar Tade ta rushe, littafin ya ƙare da wani sabon saurayi ya zo gidan.

Ɓacin ran mai karatu ya faro ne tun daga alkawarin da aka yi masa. Littafin laifi tambaya yake sayarwa. Waɗanda suka tashi da karatun littattafan ƴan sanda na Faransanci a lise, wato makarantar sakandare, sun san ta farko: wa ya yi kisan? In an faɗi wanda ya yi tun farko, sai ta koma: za a kama shi? In kamun ma ba shi ne abin damuwa ba, sai a tambayi abin da ya kai mutum ga wannan aiki. A nan sunan littafin ya riga ya amsa ta farko. Ta biyun kuwa ba ta taɓa yin zafi ba. Ƴan sanda sun zo gidan, sun yi ƴan tambayoyi, sun tafi da motar Korede don bincike, sun dawo da ita an ba su na goro. Duk wanda ya saba bin manyan hanyoyin yankinmu ba zai ce marubuciyar ta yi ƙage ba. Sai dai gaskiyar wannan hoto ita ce ta cire wa labarin fargaba: tunda ka gane ba mai kama su, zuciyarka ta daina bugawa. Abin da ya rage shi ne zaɓin Korede, tsakanin ƙanwarta da mutumin da take so. Kuma abin da ta zaɓa a shafin ƙarshe shi ne abin da ta zaɓa a shafin farko, lokacin da ta ɗauki safar hannu maimakon ta kira hukuma.

Akwai wani abu da ba kowa ya sani ba wanda ke bayyana wannan giɓi. Kafin kamfanonin Amurka da Ingila su buga shi, labarin ya fara fitowa a Najeriya a 2017 a matsayin littafin karantawa a na'ura, da wani suna dabam mai nuni ga dangantakar jini. Ma'ana asalinsa labarin ya da ƙanwa ne. Da ya tsallaka teku sai aka sa masa rigar littafin kisa, domin ita ke jawo mai saye. Wannan dabarar kasuwa ce, kuma ta yi aiki. Amma wanda ya zo don rigar zai tarar da wani mutum dabam a cikinta.

Batun dariyar ya fi ɗaukar mini lokaci, domin a nan ne na fi jin ciwo.

Dariya irin wannan tana da yadda take aiki. Ana ɗaukar abu mafi muni a faɗe shi da muryar da ake faɗin aikin gida. Korede tana bayanin inda jini ke maƙalewa a lungun banɗaki da yadda ake fitar da shi kamar mai koya wa amarya shara. Ayoola, saurayinta bai yi kwana nawa da ɓacewa ba, tana son ɗora hotuna a intanet, yayarta na hana ta tana tuna mata cewa ya kamata a gan ta cikin jimami. Tazarar da ke tsakanin girman abin da ya faru da sanyin muryar mai faɗa ita ke sa ka murmusa kana jin kunyar murmushin. A wasu wuraren ya yi kyau ƙwarai, musamman inda aka nufi maza masu ilmi da hankali waɗanda fuska ɗaya ke mayar da su yara. Tade ya yi shekaru yana aiki da Korede, ya san kirkinta, amma da aka tambaye shi me yake so a jikin Ayoola bai iya faɗin abin da ya wuce kyau ba. Wannan bulala ta sami inda aka nufa.

Kada kuma wani ya ce Bahaushe ne bai san dariya kusa da mutuwa ba. Mun san ta. Gizo ya sha yaudarar abokan tafiyarsa har su halaka, yara na ƙyalƙyala dariya a gindin kaka. Tun gasar rubutu ta 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam masu karatun Hausa ke jin daɗin shaƙiyyai biyu suna cutar juna daga gari zuwa gari. Wasan da ke tsakanin Bagobiri da Bazabarme, ko Bafillace da Babarbare, wanda UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014, ba ya tsayawa ko a ƙofar gidan rasuwa. (Bagobirin Tibiri ma ai abokin wasan Bayarabe ne, dangin su Korede.) In tsohuwa ta cika shekarunta ta rasu, jikoki kan ɗaura zaninta, su riƙe sandarta, su kwaikwayi tafiyarta da faɗanta a tsakar gida ana zaman makoki, har ƴaƴanta masu hawaye su yi murmushi su miƙa musu ɗan abu.

Amma wannan dariya tana da ƙa'ida, kowa ya san ta ko ba a faɗa ba. An san wanda ke da izinin yin ta, an san kuma a kan wace mutuwa. Jika ne ke yi, ba baƙo ba. A kan tsohuwar da ta ga jikokinta ake yi, an wanke ta, an sallace ta, an san kabarinta. Ba a taɓa yin ta a kan saurayin da ya fita bai dawo ba.

Femi kuwa irin wannan saurayi ne. Danginsa ba su da gawa. Suna cigiyarsa a intanet, suna roƙon duk wanda ya gan shi. Akwai wurin da ƴar'uwarsa Peju ta tare su Korede a ƙofar gida tana kuka, tana roƙon a gaya mata abin da ya sami ɗan'uwanta, Ayoola kuwa tana riƙe da askirim ɗin da take sha, daga baya ta rungume ta tana lallashi. An gina wurin ne don mai karatu ya yi dariyar da ke gauraye da firgici. Ni dariyar ba ta zo mini ba, kuma na san dalili.

Tun 2019 dubban mutane suka tsallako daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka fake a jihar Maraɗi saboda ƴan bindiga. A ƙauyukan Madarumfa da Gidan Rumji sace mutum don kuɗin fansa ba labarin rediyo ba ne, abu ne da ya shiga gidaje. A unguwarmu akwai dattijuwar da ɗanta ya tafi cin kasuwa ƙetaren iyaka bai dawo ba. Ba ta yi sadakar uku ba, ba ta yi ta arba'in ba, domin ba wanda ya ce mata ya mutu. Matarsa tana nan, ba ta shiga takaba ba, ba ta kuma da miji. Ƴar wayar tsohuwar, mai madannai, tana ƙulle a gefen zaninta dare da rana, in wuta ta ɗauke ta aiki yaro ya kai ta wurin mai caji ya zauna ya jira. In baƙuwar lamba ta kira, hannunta na rawa kafin ta danna. Wanda ke gaishe da wannan mata kowace safiya, in ya zo wurin Peju da askirim, Peju zai gani, ba zai ga askirim ba.

Ban ce marubuciyar ta yi laifi ba. Ba don Maraɗi ta rubuta ba, kuma ba wajibinta ba ne ta san tsohuwar unguwarmu. Abin da nake cewa shi ne dariya mai duhu tana bukatar tazara tsakanin mai karatu da gawa, kuma ba kowa ne Allah ya ba wannan tazara ba. Alƙalan gasa a Landan suna da ita. Ɗan Legas mai hali yana da wani abin dabam: yana gane mutanen da ake zolaya, gwaggo mai son a yi gagarumin bikin tunawa da mamacin da kowa a gidan ya san azzalumi ne, uwa mai auna surukai da aljihunsu, abokan aiki masu gulma a teburin karɓar marasa lafiya. Mu a nan rabin zolayar ta wuce mu, gawar kuwa ta tsaya a gabanmu. Yabon da aka buga a bayan littafin gaskiyar masu yabon ce, daga inda suke zaune.

Ƙanwata, wadda ta karanta kafin ni, ba ta yarda da ni ba ko kaɗan. Ta ce, "Yaya, ke kin tafi neman ɗan sanda da ɓarawo ne. Littafin nan labarinki ne. Wa ake duka in na fasa tulu muna yara? Wa Inna ke kira har gobe in na yi ba daidai ba a gidan mijina?" Na ce mata, "Auta, fasa tulu dabam, kisan kai dabam." Ta ce ai daga tulun ake farawa.

Maganarta tana da nauyi, kuma ita ce hujja mafi ƙarfi da masu kare littafin ke da ita. Duk wadda aka haifa babba a gidan Bahaushe ta san kalmar nan, "ke ce babba". Da ita ake ɗora maki goyo tun kina shekara bakwai, da ita ake hana ki kuka, da ita ake sa ki haɗiye gaskiya don kada a ji kanku a waje. Rufin asiri addu'a ce a bakinmu kullum, kuma alheri ne babba: da shi maraya ke yin aure, da shi mai bashi ke fita masallaci. Littafin ya kama wannan alheri ya ja shi har inda ya zama sharri, ya tambaya: in asirin da kike rufewa gawar ɗan wani ce fa? Tambaya ce ta gaske. Musulmi yana da amsarta a hadisin da ke cikin Buhari, inda aka ce a taimaki ɗan'uwa ko shi ne azzalumi ko shi aka zalunta, aka kuma bayyana cewa taimakon azzalumi shi ne a riƙe hannunsa. Korede ba ta taɓa riƙe hannun Ayoola ba. Goge bayanta take yi. Littafin ya san da haka. Shi ya sa ya ajiye Muhtar, majiyyacin da ya daɗe a sume, wanda Korede ke zama kusa da gadonsa tana zazzage masa sirrinta don ta ɗauka ba ya ji. Ya farfaɗo yana tune da abin da ta faɗa, bai tona ta ba, ya bar mata lambarsa. Ita ce ƙofa ɗaya da aka buɗe mata, ta ƙona takardar.

To in littafin ya san duk wannan, me ya rage na ƙorafi? Ya taɓo, bai tona ba. Shafukansa ɗari biyu da ƴan kai ne, an yanka su ƙananan babi, wani bai cika shafi ba. Wannan ne ya sa ake cinye shi a zama ɗaya, kuma shi ne ya sa duk lokacin da abu ya fara nauyi sai babin ya ƙare, a koma asibiti, a koma wata zolaya. Uban yaran, wanda shi ne tushen komai, a guntu-guntu muke ganinsa: sandar da yake dukansu da ita, wuƙar da yake taƙama da ita wadda Ayoola ta gada, macen da ya kawo gida matarsa na ciki, ranar da ya yi niyyar miƙa Ayoola, tana yarinya ba ta gama tasawa ba, ga wani basarake don cinikinsa ya faɗa. A ƙasarmu Nijar, inda alƙaluman UNICEF ke cewa kashi 76 cikin 100 na mata ana aurar da su kafin su kai 18, jiharmu kuma tana sahun gaba, uban da ke kallon ƴarsa a matsayin abin ƙulla hulɗa ba baƙon mutum ba ne. Mun san yadda irin wannan gida ke yin shiru, mun san uwar da ke gani ta kau da kai. A nan ne mai karatu na Maraɗi ya fi kowa shirin zama ya saurara, a nan ne kuma littafin ya fi sauri.

Ita kanta Ayoola ba mu taɓa shiga cikinta ba. Da idon Korede kaɗai muke ganinta, idon da ƙauna da kishi suka haɗu suka rufe. Tsoro ne ke sa ta kisa, ko daɗi take ji? Tana cewa kare kanta take yi, amma babu ko ƙwarzane a jikinta, Femi kuma a baya aka soke shi. Sai ga Gboyega, mai aure da ya tafi da ita Dubai, ya mutu a can aka ce gubar abinci ce. Wannan mutuwa ta raunana zancen cewa raunin da uba ya bari ne ke motsawa in namiji ya ɗaga murya, ba a kuma kawo wani bayani a madadinsa ba. Masu kare littafin suna cewa da gangan aka bar ta a rufe. Na yarda akwai mutumin da marubuci ke bari a rufe don ya fi ƙarfin bayani, kana jin zurfinsa ko ba ka ga ƙasansa ba. Ayoola ba ta ba ni wannan jin ba. Na fi jin cewa an tsaya a fuskarta, wato abin da littafin ke zargin Tade da shi.

Akwai kuma waɗanda aka taka aka wuce. Ƴar aikin gidan su Korede tana nan daga farko har ƙarshe, tana buɗe ƙofa, tana kawo ruwa, ba a taɓa faɗin sunanta ba. Ana iya cewa hakan ma zargi ne ga masu gidan, kuma wataƙila haka ne. Amma batun Mohammed ya fi tsaya mini. Mai shara ne a asibitin. Da Korede ta ga zoben da Tade ya saya don neman auren Ayoola, ta lalata shi, ta hargitsa ofishin don a ɗauka ɓarawo ne ya shiga. Zargi ya faɗa kan Mohammed, ya rasa aikinsa, tana tsaye ba ta ce uffan ba. Wannan laifin ba na Ayoola ba ne, ba uba ne ya jawo shi ba, ba kuma don ceton ƙanwa kaɗai aka yi shi ba, akwai kishin Korede a ciki. Shi ne wuri ɗaya da muke ganin hannunta ya cuci mutum kai tsaye, mutumin da ba shi da lauya, ba shi da dangin da za su yi masa cigiya a intanet. Duk wanda ya taɓa jinya a asibitin garin nan ya san irin su: su ne ke zuwa da bokiti da tsumma tun asuba, su ne ake fara kallo in wayar wani ta ɓace. An ba Femi waƙoƙin da Korede ke karantawa cikin dare tana jin nauyinsa, an ba Tade muryar waƙa da zobe da babi bayan babi. Mohammed ba a bi shi gida an ga bakin da yake ciyarwa ba, Korede kuma ba ta rasa barci a kansa yadda ta rasa a kan Femi ba.